Kwando da Kwamfuta

Dukanku kun san kwaɗon nan da ke maƙale a ƙofar sitona, ƙaton nan mai ruwan tagulla wanda ya fi ƙarfin ƙofar da yake tsaro. Babu wanda bai taɓa yi mini tsiya a kansa ba. Auta ya ce ko zinariya nake ɓoyewa cikin buhun shinkafa, Salma kuwa duk zuwanta gida sai ta ce in bari ta sayo mini ƙarami irin na mutane. Nakan yi dariya in ce a bar mini abina. Yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni, ido kuma da sauransa, bari in gaya muku inda ya fito, domin labarinsa ɗaya ne da na shekarar da kuke kira shekarar gabar Mama da Baba. Na ji kuna gaya wa 'ya'yanku wai saura ƙiris mu rabu. Ba haka aka yi ba. Rigimarmu ta wurin aiki ce, ta kwando da kwamfuta, sai dai ta biyo mu har gida ta zauna mana a kan tabarmar cin abinci.

A masaƙa muka haɗu da Babanku, nan Kakuri, ni ina buga tafireta a ofis, shi yana kula da injinan saƙa. Mun ga zamanin da jiniyar canjin aiki ke tashin Makera gaba ɗaya, kekuna su cika titi har mutum ya rasa ta inda zai tsallaka. Mun kuma ga ranar da aka rufe get aka ce kowa ya tafi gida za a neme shi. Har yau ba a neme mu ba. Wanda bai taɓa tsayawa gaban rufaffen get da katin aiki a aljihu ba ba zai gane abin da nake nufi ba, kuma ba na fatan ku gane. Mun yi shekaru muna buga-buga, ni ina kai zannuwa gida-gida, shi yana gyaran janareta, kafin Allah ya haɗa mu da wani Alhaji Bakatsine da ya buɗe kamfanin roba a bayan tsohuwar masaƙar. Buta muke yi da bokiti da baho da kofuna. Babanku ya zama shugaban ma'aikatan ɗakin injina, ni kuwa da yake yatsuna sun saba da bugu, aka tura ni na koyi kwamfuta, aka ba ni ofishin tsara aiki a saman bene.

Manhajar da ke cikin kwamfutar nan tsohuwar hanya ce da manyan kamfanoni suka daɗe suna bi. Ana zuba mata cinikin shekarun baya, da abin da ke sito, da daɗewar da kaya ke yi a hanya, ita kuma ta lissafa ta ce ga abin da za a buga a wata kaza, ga buhunan ƙwayar roba da za a yi oda daga Legas. Ƙwayar robar nan in kun gan ta a tafin hannu sai ku rantse shinkafa ce. Ita ake narkawa a matse cikin wani ƙarfe mai siffar buta ko baho, wanda muke kira mol. Kullum da safe nakan fitar da takardar aikin ranar, maza su yi layi a ƙofata, har da Babanku. A can ni ce Malama Binta, shi ne Malam Isa, ya karɓi takardarsa ya yi godiya ya sauka. Ƙarya nake yi in na ce ban ji daɗin wannan layin ba. Mace ce zaune a sama, amma inji ba ya motsi a ƙasa sai da takardarta.

Sai dai kwamfutata tana da halinta. Ta san canza mol yana cin rabin yini, saboda haka in ta kama abu ba ta son saki. In ta ce jan baho, to jan baho za a yi ta bugawa har mako ya ƙare. Babbar matsalar kuma, waɗanda suka ƙirƙire ta ba su san azumi ba. Da watannin Bature take lissafi, alhali kasuwar buta da kofi da bokitin kunu gab da azumi take ci, lokacin da mutane ke sayen butoci suna kaiwa masallatai sadaka. Azumi kuwa kowace shekara yakan riga na bara zuwa. Ita ta riƙe watan da aka yi ciniki a shekarun baya, ta kafe a nan tana jiransa. Da farko saɓanin kaɗan ne, ba a lura ba, shekara na bin shekara tazarar na ƙaruwa. A shekarar da nake ba ku labari, butocinmu sun fito tuli guda ana shirin Sallah, bayan dillalai sun riga sun cika shagunansu da kayan waje.

Mai kula da siton kamfani ita ce Madam Rifkatu, kun san ta, 'yar Filato ɗin nan ta Trikania da ke aiko muku da cincin duk Kirsimeti. Tun masaƙa muke tare. Ita ta hawo bene tana haki ta tsaya mini a ka.

"Maman Salma, abeg sauko ki ga aikin 'yarki," in ji ta. Haka take kiran kwamfutar. "Buta har silin. Ko duk Kaduna za su kwana suna alwala ba za su ƙare ba. Ga kuma kwastoma a waje yana neman koren bokiti, ko na magani babu."

Bayan Sallah da 'yan kwanaki Alhaji ya kira mu ofishinsa, ni da Babanku da Madam Rifkatu. Mutum ne mai fara'a, amma ranar ko gaisuwa bai ja ba. Ya buɗe wata baƙar leda ya fito da kwaɗon nan sabo fil, ya ajiye a kan tebur har teburin ya amsa.

"Malam Isa, Malama Binta, kun ga wannan? Jiya na saye shi, don get ɗin kamfanin nan. Ni ɗan kasuwa ne, tun ina yaro nake ciniki, ban taɓa ganin inda sito ke cike kwastoma na komawa hannu wofi ba. In azumi mai zuwa ya same mu a haka, zan rufe, in koma sayo na waje ina sayarwa hankalina kwance."

Mu biyu a wuri ɗaya muke ci, an riga an sa ranar bikin Salma, Auta na makaranta, kuma yawancin mutanen da ke ƙasa tsofaffin 'yan masaƙa ne da suka taɓa tsayawa gaban rufaffen get tare da mu. Ina cikin neman abin da zan ce sai na ji Babanku ya yi gyaran murya. Ashe yana da magana a ciki. Watannin baya Alhaji ya tura shi wani kwas a Legas, inda aka koya musu tsarin aiki na masana'antun Japan da ake kira lin. Taƙaitaccensa shi ne kada a yi abu sai an buƙace shi, kada a tara kaya suna zaman banza, kada ma'aikaci ya ɓata lokaci yana yawon neman sifana. Ya dawo da abin a ransa, amma bai taɓa buɗe baki ba saboda ni.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "a ba ni dama in gwada abin da na koyo. Amma sai an daina bin takardar sama."

Takardar sama ni ce. Na juya na dube shi, shi kuwa ya kafa wa kwaɗon ido kamar bai taɓa ganin irinsa ba. Alhaji ya ce ya ba shi dama.

Abin da ya yi mai sauƙin faɗa ne. Kowane irin kaya da kowace kala ya ware musu manyan kwanduna 'yan kaɗan a sito, kowanne da kati ɗaure a jikinsa mai sunan abin da ke ciki. In Madam Rifkatu ta sayar da abin da ke kwando ɗaya, sai a tura kwandon wofi zuwa ɗakin injina. Wannan kwandon shi ne oda. In kwandon abu bai dawo ba, ba a buga shi, ko da inji zai zauna shiru. Ya shafa layuka da fenti ruwan ɗorawa a ƙasa, ya haɗa sifanu da guduma a kan baro ɗaya kowanne da mazauninsa, ya sa ana shirya mol na gaba tun injin yana aiki. Canjin da ke cin rabin yini ya dawo bai fi hutun cin abinci ba. Ma'aikata suka raɗa wa abin suna tsarin kwando, suka daina hawa bene. Nakan zauna da safe ina jin takunsu yana wucewa ta ƙasan matakala, babu mai ɗago kai.

To a nan ne abin da kuka gani a gida ya fara. Ban yi masa faɗa ba, ban ɗaga murya ba, ku shaida ne. Kawai dai wata rana ya dawo bayan magariba ya zauna a tabarma yana jiran tuwo, ya tarar murhu a sanyaye.

"Maman Salma, yau lafiya?"

"Lafiya ƙalau, Malam. Ban ga kwanon wofi ya dawo ba, shi ya sa ban ɗora ba. Ai ba a yin abu sai an buƙace shi."

Ya dube ni, na dube shi. Ya tashi da kansa ya shiga kicin ya ɗauko kwanonsa ya ajiye a gabana, ya koma ya zauna ya harɗe ƙafa, ya jira har na tuƙa. Ku kun riga kun ci taliya a ɗaki, kuna leƙe ta labule kuna zaton duniya ta zo ƙarshe. Haka muka yi ta yi makonni. Shi ba ya cewa na yi laifi, don in ya faɗa ya rushe tsarinsa, ni kuma ba na fasawa. Iya, kakarku, Allah ya jiƙanta, ita ce ta gaji. Tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi ta ce:

"Ku biyu kun ishe ni. Da girmanku kuna wasan yara da cikin mutane. Isa, ka ɗauki kwandon naka, ke kuma ki ɗauko akwatin naki, a kai su gaban liman a ɗaura musu aure mu huta."

Muka yi dariya dukanmu, har da shi, amma kowa ya kwana a kan bakansa.

Gaskiya ɗaya ce, tsarinsa ya yi aiki. Cikin 'yan watanni siton da ba a iya ratsawa ya zama ana ganin siminti. Wanda ya zo neman koren bokiti ya samu, wanda ke son kofuna shuɗi ya samu. Alhaji ya fara dawowa da fara'arsa, yana kiran Babanku Bajapane. Ni kuwa ina sama da kwamfutata muna kallon juna. Ban daina zuba mata ciniki ba, don ban iya zaman banza ba. Da damina ta ɗauke sai ta fara nuna mini jan rubutu, tana cewa a yi odar ƙwayar roba yanzu, da yawa, saboda ƙarshen shekara. Wannan kam ta san shi sarai, don Kirsimeti ba ya motsawa daga watansa, kuma lokacin ne bukukuwa ke yawa. Na sauka da ƙafata na same shi a ɗakin injina.

"Malam Isa, a yi oda. Disamba na zuwa."

"Malama Binta, ba ma tara kaya. In buhu ya ragu za mu yi."

"Legas ba bayan gida ba ce."

"Na sani. Ki bar mini."

Na je wa Alhaji da maganar, ya ce tunda abin Malam Isa na tafiya daidai kada a taɓa. Na koma sama na zauna.

Disamba ta zo da dillalan Kafanchan da Zonkwa da Kachiya, kowa da motarsa, ga masu haɗa kayan ɗakin amare. Kwanduna suka dawo wofi gaba ɗaya kamar an haɗa baki. Injina suka yi ta ci ba hutawa, buhunan ƙwaya suka ƙare tas, odar da aka yi kuwa tana can ko tirela ba ta hau ba. Wata safiya na shigo kamfani na ji shiru. Na san wannan shirun, irin na masaƙa ne. Na leƙa ɗakin injina na hango Babanku tsaye tsakiyar kwandunansa, duk a jere cikin layin fenti, tsaf-tsaf, babu komai a ciki. A da na zaci ranar da maganata ta tabbata zan ji sanyi a raina. Wallahi tausayinsa ne ya kama ni, da tsoro. Alhaji ya ratsa ta tsakaninmu yana jujjuya kwaɗon a hannu, bai yi faɗa ba, ya dai ce saura azumi, ya wuce.

A cikin wannan hali bikin Salma ya iso. Abin dariya, uwar amarya mai aiki a kamfanin roba sai da ta shiga kasuwa ta sayo wa 'yarta bokitai da kofunan waje, don namu babu. Madam Rifkatu ta ce in jan baho nake so, na 'yata kwamfuta na nan tun bara, in ɗiba har in raba wa dangin ango. Na ce ta bari in ji da abu ɗaya.

Shirin abincin bikin kuwa tun da kaka na fara shi. Na zauna na ƙiyasta dangin Zariya, da mutanen Babanku na Funtuwa, da matan unguwa, da 'yan masaƙa da ba a gayyata amma na san za su zo, da matan cocin su Madam Rifkatu da ba sa barin ta ta je biki ita kaɗai. Na sayi shinkafa da manja da man gyaɗa da itace na jibge a siton gida. Ranar yini aka kafa murhu a tsakar gida, Madam Rifkatu ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta zama sarauniyar tukwane. Dokarta ɗaya ce, kuma ita ce dokar duk macen da ta san girkin biki. Ba a dafa shinkafa duka lokaci guda, don za ta huce ta kwana ta lalace. Ana zubawa a manyan tire a fita da su, in tire ya dawo wofi a sake cikawa, in tukunya ta kusa ƙarewa sannan a ɗora wata. Gida ya cika maƙil, guɗa na tashi, ni ina cikin anko ina amsa barka har muryata ta dushe. Can bayan azahar aka ce mini Malam na sallama a bakin zaure. Ya zo neman ƙarin abincin maza ne, amma na tarar da shi ya manta abin da ya kawo shi, ya saki baki yana kallon tire na shiga da fita.

"Maman Salma, zo ki gani," ya ce cikin murna. "Tsarina ne wannan! Tire ya dawo wofi sannan a cika, tukunya ta ƙare sannan a ɗora. Ga shi yana aiki a gidana, ko loma ba ta lalace ba."

"Yana aiki kam, Malam. Shinkafar da ake ɗorawa fa? Yau da safe tiren ya je kasuwa ya sayo ta?"

Na nuna masa ƙofar sito, inda ake fito da wani buhu. Ya dubi buhun, ya dubi tiren, ya sake duban buhun. Ni ma da na faɗi maganar don in ƙure shi, sai na tsaya ina kallon abin da nake nunawa. Da na bi lissafina na dafa shinkafar nan duka tun asuba, da yanzu rabinta ta yi sanyi a tukunya. Da kuma an jira tire kafin a je kasuwa, da mutanen Funtuwa sun koma da yunwa. Muka dubi juna muka fashe da dariya a gaban surukai, abin da ba mu taɓa yi ba.

"Ke ki riƙe buhu," ya ce, "ni in riƙe tire."

"Oga, Madam, abeg ku matsa mini daga hanya," in ji Madam Rifkatu, ta taho da tire a ka. "In mitin za ku yi ku tafi ofis. Nan aure ake yi."

Washegarin kai amarya da hantsi, gida ya yi shiru sai tukwanen da ba a wanke ba, muka zauna a tsakar gida da shayi muka raba gado. Kwamfuta za ta riƙe abin da ke nesa. Ita za ta ce yaushe za a yi odar ƙwaya, ta kuma ce kowane kaya kwando nawa ya kamata ya samu a kowane lokaci na shekara, a ƙara gab da kasuwa, a rage bayanta. Ni zan zuba mata watannin Musulunci da hannuna kowace shekara, da Kirsimeti, da komawar yara makaranta. Kwando zai riƙe abin da ke kusa, shi zai ce me za a buga yau da gobe. Duk yamma katunan kwandunan da suka dawo za su zo wurina in gaya wa kwamfuta, don ta san abin da kasuwa ke ci a yanzu, ta daina rayuwa a shekarun baya. Babanku ya haƙura da rantsuwarsa ta cewa ba zai tara komai ba, ya yarda buhunan ƙwaya su zauna jiran ranarsu. Bai ji daɗi ba, don a kwas an koya masa cewa tari cuta ne, sai da ya yi ta juya kofi kafin ya ce to.

Nawa haƙurin ya fi nasa ciwo. Takardar safe ta tafi ke nan har abada, da layin da ke ƙofata. Kuma tunda katuna a ƙasa suke, dole teburina ya sauko kusa da ƙofar sito, cikin zafi da ƙarar injina da warin narkakkiyar roba. Ranar da aka sauko da shi na shiga bayi na yi kukana na wanke fuska na fito. Wannan kunnen na hagu da kuke ɗaga mini murya kuna cewa tsufa ne, a wannan teburin na bar shi. Ban taɓa nadama ba, amma ku san cewa ba kyauta na same shi ba.

Muka je wa Alhaji tare. Ya saurare mu yana shafa gemu, ya ce:

"Kun shirya ke nan?"

"Da ma ba mu ɓata ba, ranka ya daɗe," in ji Babanku.

"Haka ne," na ce. "Tuwo ne kawai yake ɗan makara."

Alhaji bai gane ba, amma ya yi dariya. Abin da muke roƙo ba ƙarami ba ne, ya sayi ƙwaya mai yawa tun kafin ya ga kwastoma, bayan kowannenmu ya taɓa kunyata shi sau ɗaya. Ya daɗe yana kallon kwaɗon, sannan ya ce a yi oda, amma mu sani wannan ce ta ƙarshe.

Tirela ta iso cikin Rajab. Da Sha'aban ya kama, kwamfuta ta ce a ƙara kwandunan buta da kofi da bokiti, Babanku ya ƙara layin fenti da hannunsa. Sai ga dillalai, na Tudun Wada, na Unguwar Mu'azu, na Zariya, har da wasu da suka daɗe da juya mana baya. Kwando ya fita cike ya dawo wofi, a canza mol, a buga, ya sake fita, kamar tiren bikin Salma. Wuta ta yi ta wasanta na ɗaukewa, janareta ya yi ta tari, amma ƙwaya ba ta yanke ba. Ina zaune a sabon teburina katuna na zuwa, Babanku na wucewa da gumi ya ɗaga mini gira, ni in yi kamar ban gani ba. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na wannan watan ba, ko a zamanin masaƙa. Ranar da aka ga watan azumi babu dillalin da ya koma hannu wofi, sito kuma ba abin da ya rage sai abin da ya kamata. Da yamma muna dawowa gida a Makera na hango butocinmu kore da fari jere a bakin masallacin layinmu, sababbi, mutane na ɗauka suna alwala. Na taɓa Babanku na nuna masa. Hularsa kawai ya gyara, amma na ga idonsa ya kawo ruwa.

Bayan Sallah Alhaji ya sake kiranmu, mu ukun nan. Kwaɗon na nan a kan tebur inda ya shekara. Ya ɗauke shi ya auna a hannu.

"Na saye shi da tsada," ya ce, "ga shi ba ni da ƙofar da zan sa masa. Malama Binta, ke ce mai ajiyar buhu, karɓi."

Ya zare makullan biyu daga zobensu, ya ba ni ɗaya, ya miƙa wa Babanku ɗaya. Madam Rifkatu ta rangaɗa guɗa a cikin ofis har masinja ya leƙo. Na rungumo kwaɗon a cikin mayafina kamar jariri muka fito, ma'aikata na tambaya me ya faru, Babanku na cewa ba komai, kowa ya koma bakin aikinsa, gobe ma akwai aiki. Da muka iso gida na nuna wa Iya, ta juya shi ta ce to, an dai ɗaura auren ke nan, Allah ya ba da zaman lafiya.

Mun yi ritaya tuni, wasu ne ke zaune a teburin nan, kwamfutar ma an canza ta da wata sabuwa, amma kwanduna na nan suna kai da kawowa, get ɗin kuma duk safiya a buɗe yake. Babanku bai taɓa amfani da makullinsa ba, yana dai cikin aljihun rigarsa ta Juma'a. Har gobe in ya ci abinci bai ƙoshi ba, ba ya cewa a ƙara, sai ya turo kwanon gabana a hankali yana kallon gefe, ni kuma in tashi da gwiwar tawa in je in buɗe sito. Saboda haka Salma, ki bar kuɗinki. Kwaɗon nan don get ɗin kamfaninmu aka saye shi, kuma shinkafata kaɗai ya taɓa kullewa.